Rufin Soron Barau

A kakar shekarar 1989, ana tsakiyar yankan dawa, wasu mutum uku suka sauko daga motar masu aikin titi a bakin hanyar da ta fita daga Karaye ta nufi Rogo. Suka ja igiyar awo, suka yi 'yan rubuce-rubuce, sannan ɗayansu ya tsoma buroshi a gwangwanin jan fenti ya zabga wa bangon masaukin Barau wata ƙatuwar alama. Ko sallama babu. Malam Maharazu yana zaune a dakalin zaure yana kallonsu, sai da suka gama ya taso ya tambaye su ko lafiya. Suka ce lafiya ƙalau, titi za a faɗaɗa a zuba masa kwalta, aiki zai taso daga ɓangaren Rogo, kuma kafin ruwa ya sauka duk abin da ya faɗa cikin igiya zai tafi. Gidan kuwa, tun daga zaure har rijiya, yana cikin igiya.

Wanda bai san gidan nan ba bai san Karaye ba. Barau, kakan Maharazu, shi ya gina shi tun kafin zuwan Turawa, saboda fatake masu jakuna da ke wucewa da kanwa su dawo da goro. Zaure ne babba da zankwayensa a sama, sai tsakar gida mai faɗi, ɗakunan baƙi goma sha ɗaya sun kewaye ta, ga rijiya, ga turakan jakuna waɗanda yanzu kekuna da babura ake jinginawa a jikinsu. Can ƙurya kuma akwai soro guda, kullum da kwaɗo a ƙofarsa. Fatake sun daɗe da ƙarewa, amma gidan bai taɓa rasa baƙo ba. Dillalan shanu, masu sarin rake da masara, Fulanin da ke isowa ranar jajiberen kasuwa, duk nan suke yada zango, Rekiya matar Maharazu ta tuƙa musu tuwo.

Shi kuwa Maharazu shekararsa sittin da bakwai, gajere ne kakkaura, kuma shi ne sarkin maginan yankin. Baki gare shi, Allah ya sani. In ya ga mai bulo da siminti sai ya ce wannan ai ba magini ba ne, mai jera kaya ne. Rufin kwano kuwa ya ce tanderu ne aka kifa wa bayin Allah a ka. A gidansu akwai wata al'ada da ya taso ya tarar: ginin ƙasa ba a barinsa ya tsufa. In uba ya rasu, ɗan da ya gaji gidan sai ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ya sauke rufi, ya fitar da azarar da ta ruɓe, ya sake ɗaurawa da hannunsa, bangon da ya gaji kuma a rushe shi a ta da sabo a kan tushensa. Da haka ake sanin ɗa ya gaji ubansa. A ce maka ga aikin kakanka can yana nan yadda ya bar shi, wannan a wurinsu ba yabo ba ne, zagi ne ƙiri-ƙiri, don ma'anarsa an haifi rago, ko an haifi wanda bai iya ba.

To, a nan ciwon Maharazu yake, kuma shekara arba'in da bakwai yana danne da shi. Rufin soron nan na ƙurya ba irin na sauran ɗakunan ba ne. Ɗaurin guga da kowane magini ya sani ƙafa huɗu ne, wato azara lulluɓe da ƙasa ta taso daga bango huɗu, ta lanƙwasa, ta haɗu a tsakiya. Wannan ko da ido rufe Maharazu zai yi shi. Na Barau ƙafa takwas ne, a ɗaki mai faɗin taku goma sha biyu, babu ginshiƙi ko ɗaya da ya tallafe shi. Jibo, mahaifin Maharazu, da shi aka ɗaura rufin yana saurayi, kuma da gangan ya ƙi sauke shi bayan rasuwar Barau, yana jiran ɗansa ya kawo ƙarfi su buɗe shi tare, domin irin wannan aiki ba a koyonsa da baki, sai an tone an gani. Sun sa rana, bayan kaka. Zazzaɓi ya ɗauke Jibo a tsakiyar damina.

Da rani ya kama, Maharazu yana ɗan shekara ashirin, ga Rekiya amarya a gida, sai ya ɗauko leburori daga ƙasar Zazzau ya hau. Suka kankare ƙasar sama har suka tarar da azara. Ya leƙa ya ga yadda aka saƙa su, wannan ta shige ƙarƙashin waccan, waccan ta danne ta uku, ya yi juyin duniya ya kasa gane wadda aka fara sawa. Ya san in ya zare guda ɗaya, har ya mutu ba zai iya mayarwa ba. Sai ya sa aka kwaɓa sabuwar ƙasa aka rufe, aka yi yaɓe, ya sallami leburori suka koma garinsu. Mutanen gari sun ga tsani, sun ga tulin ƙasa a ƙofar gida, suka ce kai, ɗan Jibo ya sauke soron Barau ya sake. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwaɗo kawai ya nemo ya garƙame, don ya san duk maginin da ya shiga ya ɗaga kai zai gane cikin ɗakin bai ga sabon hannu ba.

Da wannan suna ya yi girma, da shi kuma aka ba shi sarauta. Sau biyu ya gwada ɗan ƙarami a gonarsa ta Unguwar Hajji da sunan rumbu, sau biyu yana rubzawa. Daga nan ya haƙura, ya koma duk bayan 'yan shekaru ya hau ya sake ƙasar sama, ya gyara indararo, har ruwa bai taɓa samun ƙofar shiga ba. Akwai kuma Iro, wanda ya koyi gini a hannunsa, yanzu shi ma da furfurarsa da iyalinsa. Shekara talatin Iro yana roƙon a nuna masa ƙafa takwas, kullum amsa ɗaya yake samu, wai lokaci bai yi ba.

Wanda ya kawo dabara a kan jan fentin nan Bappa ne, wani Bafulatani dillalin shanu daga Jajaye, wanda ya daɗe yana kwana a ɗaki na huɗu duk jajiberen kasuwa har ya mai da ɗakin nasa. Ya ce yana da 'yar ƙane a Kano, Jamilatu, ta karanta zanen gine-gine a Zariya, ta je Ingila ta ƙaro, yanzu tana aiki da masu kula da kayan tarihi. Ya ji ta da kunnensa tana cewa in suka sa gini a littafinsu, to shi ke nan, ba mai rushe shi, sai dai titi ya kauce. Maharazu ba ya sakin jiki da maganar 'yan boko, amma ba shi da wani abin kamawa. Ya ce a kira ta. Kafin ta zo kuma, tunda baƙuwa ce daga hukuma, ya tara maginansa suka bi fuskar zaure da sabon yaɓen makuba, gida ya fito fes yana ƙamshi.

Ta zo da hantsi, doguwa ce mai tabarau, da littafi da kyamara a rataye. Ta durƙusa har ƙasa ta gai da shi, ta shiga ta gai da Rekiya, ta sha fura ba tare da yanga ba, abin da ya sa ta shiga ransa ke nan. Suna zaune a zaure ta ɗaga kai tana kallon rufi, sai ta ba shi labarin wani masaukin matafiya da ta taɓa kwana a Ingila, a bakin wata tsohuwar hanya. Tun zamanin keken doki aka gina shi, katakonsa duk ya karkace, benensa ya sunkuyo kamar tsoho, ƙofarsa gajeriya har ta buga goshi. Ta ce gwamnatin can ta sa shi a littafi, mai gidan ba shi da ikon canza ko taga sai da izini, kuma da aka zo yin babban titi, kewaye shi aka yi.

"Shekararsa nawa ke nan, 'yata?"

"Ɗari huɗu da 'yan kai, Baba."

"Duk tsawon nan ba a samu ɗa guda da ya sauke rufin ya sake ba?" Ya girgiza kai, kuma wallahi tausayinsu ya ji har cikin zuciyarsa. "Allah sarki. Ashe su ma maginansu sun ƙare."

Jamilatu ta buɗe baki za ta yi bayani, amma wa ya isa ya tare Maharazu in ya ɗauko magana? Shi a fahimtarsa, ta ba shi labarin ne don ya ga ko gidan da aka wofintar ma hukuma ta tsaya masa, balle wanda aka kula da shi. Ya miƙe ya ce ta biyo shi ta ga gidan da ke da masu shi. Bappa da Iro suka bi bayansu, maƙwabta kuma suka yi ta shigowa har tsakar gida ta cika.

Duk inda ta tambayi shekarun wuri, amsa na bakinsa. Zauren nan, ya ce, har ƙasa ya kai shi ya ta da sabo shekarar da aka canza kuɗi aka koma naira. Ɗakunan gabas guda biyar shekarar babban fari ya yi su, lokacin ruwan kwaɓa ƙasa ma sai an ɗebo da jaki. Ɗakin Bappa sau biyu ya sauke shi. Katangar kudu shekarar da motoci suka koma hannun dama. Ya riƙa dukan bango da tafin hannu don ta ji sautin lafiyarsa, yana cewa ta duba da kyau, in ta sami ko dunƙule ɗaya na ƙasar Barau a nan, to a tuɓe masa sarauta. Ita kuwa rubutunta sai raguwa yake yi, har ta rufe littafin ta riƙe a hannu. Shi duk a zatonsa mamakin aikin ne ya kashe mata jiki.

Suka iso ƙurya. Ta tsaya ta daɗe tana kallon soron daga waje, faɗinsa da yadda kansa ya tashi.

"Wannan fa, Baba?"

Iro na tsaye a bayansa, har yana jin numfashinsa. Ga jama'a sun yi tsit suna jiran a zo kan babban abin alfahari.

"Shi ma haka," in ji Maharazu. "Sau biyu na sauke shi. Na farko bayan rasuwar mahaifina, na biyu shekarar da cutar bushiya ta kashe shanu."

Bappa ya yi caraf ya ce ƙwarai kuwa, wannan na biyun da idonsa ya ga tulin ƙasa a ƙofar gida, shekara shida ke nan. Jamilatu ta nemi ko za a buɗe ta ɗan leƙa. Maharazu ya ce dawa ce cike har bakin ƙofa, ga rina sun yi gida a ciki, ba zai so su harbi baƙuwa ba. Yarinya ce mai tarbiyya, ba ta ja da dattijo ba.

Sai da suka zo bakin mota ta sake durƙusawa, ta yi ƙasa da murya, amma waɗanda ke kusa sun ji.

"Baba, ban san yadda zan faɗa maka ba. Ban taɓa ganin gidan ƙasa mai lafiya irin wannan ba. Amma dokarmu tsohon hannu take karewa. Da a ce ko ɗaki ɗaya ya rage yadda Barau ya bar shi, da na sami abin rubutawa."

Makullin soron yana aljihunsa a lokacin, hannunsa ma yana kai. Taku talatin ne tsakaninsu da ƙofar. Ya dubi Iro, ya dubi maƙwabta, ya dubi jan fentin da ko sabon yaɓe bai yarda an rufe shi ba don tsoron hukuma. Abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne Allah ya kiyaye hanya, ta gai da mutanen Kano.

Kai, girma wani lokaci masifa ne. Mutum yana ji yana gani gidan kakansa zai tafi, maganin yana aljihunsa, amma ya gwammace ya yi ta haɗiyar zuciya. Sati ya bi sati. Duk jajiberen kasuwa Bappa ke kawo labarin inda katafila ta iso, yau ta wuce gada, gobe ta cinye rumfunan wani ƙauye. Baƙi suka fara tambayar inda za su koma. Maharazu ya rame, abinci sai ya taɓa ya ture, faɗa kuwa ya ƙaru, har akuyar maƙwabta ba ta tsira ba. Sau da yawa yakan je ƙofar soron ya tsaya kamar mai neman wani abu a ƙasa, sannan ya juyo. Tsoro yake ji, ba na katafila ba, na idon Iro.

Wata safiya Rekiya ta kawo masa koko a zaure. Maimakon ta ajiye ta koma kamar kullum, sai ta nemi gefen tabarma ta zauna. Mace ce mai ƙarancin magana, shi ya sa da ta zauna ya san da abu.

"Malam, ka san da me nake girki a gidan nan?"

Ya ce wace irin tambaya ce wannan da sassafe.

"Duk ɗakin da ka sauke, ruɓaɓɓiyar azararsa murhuna take zuwa. Na ƙona ta zaure. Na ƙona ta ɗakin Bappa sau biyu. Shekara arba'in da bakwai, ban taɓa ƙona ko tsinke daga soron can ba."

Ludayin ya tsaya a hannunsa. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun tana amarya.

"Kuma ba ki taɓa faɗa ba."

"Ba a taɓa shafa mana jan fenti ba."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta shiga gida. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, sannan can ƙarƙashin kunyar ya ji wani sanyi, don ashe duk shekarun nan ba shi kaɗai yake ɗauke da kayan ba. Matar nan ta san ƙaryarsa tun ranar farko, ta ci gaba da kiransa Malam, ta ci gaba da share ƙofar soron kowace safiya. Ranar ya shanye kokonsa tas, ya aika a kira masa Bappa daga kasuwar shanu, ya ce ya sake kiran Jamilatu.

Kwana tara bayan nan Jamilatu ta dawo, tare da wani dattijo mai farin gashi wanda ta ce shi ne shugabanta a wurin aiki. Da Maharazu ya so, da ya buɗe musu su biyu kawai, ba wanda zai sani sai daga baya. Bai yi haka ba. Ya sa aka kira Iro da duk maginan da suka taɓa riƙe masa tubali, maƙwabta kuma ba sai an kira su ba. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa ya buɗu.

Babu dawa, babu rina. Ɗaki ne wayam, sai sanyi da warin tsohuwar ƙasa. Da ido ya saba da duhun, sai ga ƙafafun nan takwas sun taso daga bango, kowace ta lanƙwaso a hankali, sun haɗu can sama a kan wata tasa ta tagulla da ta yi kore don tsufa. Rufin ya yi baƙi da hayaƙin fitilun fatake. A jikin ƙafafun akwai zane da aka ja da yatsa tun ƙasa na ɗanye, har ana ganin faɗin yatsan mai shi. Ƙasa-ƙasa a bango kuma ga rubutun ajami nan da can, matafiya sun bar sunayensu da na garuruwansu da addu'ar Allah ya kai su gida. Dattijon nan ya cire hularsa ya riƙe don kada ta faɗi, ya yi ta zagaye yana kallon sama. Jamilatu ko kyamarar ba ta ɗaga ba tukuna.

Iro kuwa kallo ɗaya ya yi ya gane. Magini ne. Ya sauke kai ya dubi maigidansa, Maharazu bai kau da ido ba.

"Iro, abin da kake jira ba ya hannuna. Babana ya rasu bai nuna mini ba. Na hau sau ɗaya na leƙa, na ji tsoro na rufe. Duk abin da kuka ga ina yi a sama, ƙasar waje ce nake sakewa. Wannan aikin Barau ne, tun ranar da ya sauko daga tsani."

Iro ya ce, "Shekara talatin, Baba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya ratsa mutane ya fita, takalmansa ma a hannu ya ɗauke su.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Wasu suka ce ai dama sun daɗe suna zargi, ƙarya suke yi, ba wanda ya taɓa zargin komai. Wasu suka ce dattijon ya yi abin da ba kowa zai iya ba. Masu bulo da siminti da ya daɗe yana yi wa ba'a kuwa suka sami abin dariya na wata guda, kuma gaskiya ba za a ga laifinsu sosai ba. Maharazu ya ce a daina kiransa Sarki. Wasu suka daina, wasu bakinsu ya riga ya saba.

Takarda ta iso bayan sati shida, lokacin ana jin ƙugin katafila daga zaure. An sa soron Barau a littafi, shi da taku goma ta kowane gefe, kuma titi zai ɗan kauce masa. Sauran gidan bai shiga ba. Jamilatu da kanta ta kawo takardar, idonta ja, ta ce ta yi iya yinta a kan zauren ko shi kaɗai, an ce mata ginin shekara goma sha shida ba tarihi ba ne. Ta kuma karanta masa sharaɗi: zai ci gaba da yaɓen waje da gyaran indararo kamar yadda ya saba, amma ba shi, ba wani, ba mai ikon tone rufin ko zare azara ɗaya. Maharazu ya yi wani ɗan murmushi. Abin da tsoro ya hana shi yi tun yana saurayi, yau doka ta zo ta hana shi, kuma ta hana duk wanda zai zo bayansa.

Ya roƙi shugaban masu aikin titi kwana huɗu, ya ce ba zai iya kallon ƙarfe yana karya azararsa ba, shi zai sauke rufinsa da hannunsa. Aka ba shi. Rana ta farko shi da mutum biyu suka yi ta fama. A rana ta biyu yana kan zaure sai ya ji tsani na motsi, ya waiwaya ya ga kan Iro ya ɓullo. Bai yi sallama ba, bai kuma yi maganar da ta wuce ba, ya dai karɓi bakin azarar da Maharazu ke kokawa da ita suka zare tare. Azarar zaure lafiyarta ƙalau, ko gara ba ta taɓa ta ba, da za ta ƙara shekara arba'in. Da suka gama, katafila ta zo ta share bangaye tsakanin hantsi da azahar. Bappa ya tsaya a inda ɗaki na huɗu yake, da tabarmarsa a naɗe a hammata, ya rasa inda zai dosa.

Maharazu da Rekiya suka koma 'yan ɗakuna biyu da Iro ya taimaka aka ta da a bayan soron. Mai kyau daga cikin azarar ta tafi rufinsu, sauran aka tara a gefe, don yanzu kowa kwano yake so, ba mai nema. Aka kawo allon ƙarfe aka kafa a bakin sabon titi, da Hausa da Turanci. An rubuta sunan Barau, an rubuta fatake, an kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa rufin nan yana nan yadda maginin ya bar shi, ba a taɓa sake shi ba. Sunan Maharazu ba ya ciki. Ya sa Bappa ya nemo mai karatun boko ya karanta masa sau biyu.

Ana gab da saukar ruwa, gabas ta fara haɗa hadari, sai ga Jamilatu da motar makaranta cike da ɗalibai daga Zariya, da malaminsu, wani mai gemu da yawan tambaya. Maharazu ya buɗe musu, yanzu kwaɗon ba ya gardama. Suka yi ta awo da zane da ɗaukar hoto. Malamin ya fito yana ta yaba hangen nesan mutanen gidan, ya ce a duk yawonsa bai ga zuri'ar da ta san darajar tarihi kamar wannan ba, don ko'ina ya je an riga an rushe an sake. Ya matso da littafinsa ya ce Baba ya gaya wa ɗalibai, wace hikima ce ta sa bai taɓa sauke rufin nan ba.

Jamilatu ta sunkuyar da kai. Maharazu ya dubi kwaltar da ke kwance a inda zaurensa yake, wata motar rake ta wuce a kai da gudu.

"Ban iya ba," in ji shi. "Shi ya sa kuka same shi."

A bayan soron hayaƙi yana tashi. Rekiya ta ɗora tukunyar tuwon baƙi, kuma azarar zaure ce a murhu.